Tambayoyi da amsoshi kan tanadi da zuba jari na dogon zango ga mai ƙaramin ƙarfi

Waɗannan tambayoyi ne da mutane suke yawan yi mini idan hira ta biyo ta kan kuɗi. Masu yin su ba attajirai ba ne. Ma'aikata ne, da masu ƙananan sana'o'i, da matan da suke riƙe da ɗan abin hannunsu, duk suna so su ga abin da suka tara ya kai su tsufa. Alƙaluman da na kawo a misalai na lissafi ne kawai, kowa ya ɗora su a kan irin kuɗin ƙasarsa.

Mene ne bambancin tanadi da zuba jari?

Tanadi shi ne ka ajiye kuɗi inda za ka same shi cif-cif ranar da ka neme shi. Zuba jari kuwa, ka sa kuɗin cikin abin da yake aiki, kamar kamfani ko gida ko gona, da fatan ya haihu, tare da sanin cewa yana iya raguwa. Kuɗin da za ka buƙata nan da shekara ɗaya zuwa uku na tanadi ne. Wanda ba za ka taɓa shi ba sai bayan shekara biyar zuwa goma ko fiye, shi ne na jari. Yawancin kukan da nake ji daga masu asara, idan aka bi diddigi, sun ɗauki kuɗin tanadi ne suka sa shi a jari, sai buƙata ta taso a daidai lokacin da kasuwa ta faɗi.

Abin da nake samu da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata. Ina ruwana da wannan magana?

Ba zan raina wannan tambaya ba, domin wani lokaci gaskiya ce tsagwaronta: abin da yake shigowa bai isa ba, kuma babu dabarar lissafi da za ta sauya hakan. Mai irin wannan hali, jarinsa na farko shi ne abin da zai ƙara masa kuɗin shiga, ko sana'a ce zai koya ko takardar shaida zai nema. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma kafin ka yanke hukunci a kan kanka, ka yi wata ɗaya kana rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, komai ƙanƙantarsa. Mutane da yawa idan suka yi haka sukan tarar da wani kaso da ba su san inda yake zurarewa ba. Daga nan sai ka juya tsarin. Maimakon ka kashe ka ajiye abin da ya rage, wanda galibi babu, ka cire na ajiya ranar da kuɗi ya shigo, ko da kashi 5 cikin 100 ne, ka rayu a kan sauran. Idan bankinka yana iya cire shi da kansa duk wata ya tura wani asusu, ka sa ya yi. A shekarar farko abin da kake ginawa sabo ne, yawan kuɗin zai biyo baya.

Da me zan fara: biyan bashi, ajiya, ko sayen hannun jari?

Bashi mai tsada shi ne na farko. Idan ana cajin ka kashi 25 ko 30 cikin 100 a shekara a kan bashi, kai kuma kana fatan jarinka ya ba ka kashi 8, to kana ɗiban ruwa ne da kwando. Biyan wannan bashi riba ce tabbatacciya ta kashi 25 ko 30, wadda babu halastacciyar kasuwa da za ta yi maka alƙawarinta.

Na biyu, kuɗin ko-ta-kwana: abin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida idan aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta zo. Mai albashi tsayayye wata uku na iya isarsa. Wanda cinikinsa yake hawa da sauka ya nemi shida ko fiye. A ajiye shi inda za a iya ɗauko shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙasashe da yawa suna da hukumar da take inshorar ajiyar banki har zuwa wani adadi. A Amurka an kafa irin wannan hukuma tun 1933, kuma yanzu tana kare dala 250,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki. Ka bincika iyakar da ƙasarka ta sa, kuma ka tabbata bankinka yana ƙarƙashin tsarin.

Sai bayan waɗannan biyun ake maganar jari.

Me zai hana in bar kuɗina a ajiye kawai, in huta da fargaba?

Hauhawar farashi. Kuɗin da yake kwance adadinsa ba ya raguwa, amma abin da zai iya saya yana raguwa kullum, kuma ba ka jin zafin sai an daɗe. Akwai lissafi mai sauƙi da ake kira ƙa'idar 72: ka raba 72 da yawan hauhawar shekara, zai nuna maka shekarun da kuɗinka zai rasa rabin ƙarfinsa. Idan hauhawar kashi 3 ce, shekara 24 ke nan. Idan 12 ce, shekara 6 kacal. Idan ta kai 24, cikin shekara 3 rabi ya tafi.

Tarihi ya nuna ƙarshen abin idan ya ƙazanta. A Jamus a 1923, da Zimbabuwe a 2008, mutanen da suka shekara da shekaru suna tara kuɗin takarda sun wayi gari ajiyarsu ba ta da wata daraja. Waɗannan sun wuce misali, amma darasinsu ya shafi kowa: idan bankinka yana ba ka kashi 5 alhali farashi yana hawa da kashi 10, to kana asarar kusan kashi 5 duk shekara, ko da lambar da take asusunka tana ƙaruwa. Duk ribar da aka faɗa maka, ka fara cire hauhawar farashi daga cikinta kafin ka yi murna.

Ana ta cewa a fara da wuri. Shin bambancin yana da yawa haka?

Yana da yawa fiye da yadda hankali yake ɗauka, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya.

Idan jari ya kawo riba, ka bar ribar a ciki, to baɗi ita ma za ta kawo tata. Ƙa'idar 72 ɗin nan tana aiki ta wannan fuska ma. Jarin da yake ƙaruwa da kashi 8 a shekara yana ninkawa duk shekara 9. Ɗauki 100,000: bayan shekara 9 ya zama 200,000, bayan 18 ya zama 400,000, bayan 27 ya zama 800,000, bayan 36 ya zama miliyan 1 da dubu 600. Lura da cewa abin da ya ƙaru a shekaru 9 na ƙarshe kaɗai ya ninka na shekaru 9 na farko sau takwas. Shi ya sa masu farawa sukan karaya: shekarun farko abin yana tafiya kamar ba ya motsi.

Ga wani misali da mutum biyu. Ta farko ta fara tana da shekara 25, tana zuba 100,000 duk shekara har shekara goma, sannan ta daina, ta bar kuɗin yana aiki. Jimillar abin da ta zuba miliyan 1 ne. Na biyu bai fara ba sai da ya kai 35, amma ya yi shekara talatin yana zuba 100,000 ba fashi, wato miliyan 3. Idan jarin yana ba da kashi 7 a shekara, ranar da suka cika 65 ita tana da kimanin miliyan 10 da rabi, shi kuma miliyan 9 da dubu 400. Ta zuba sulusin abin da ya zuba, kuma ta fi shi.

Don kada in ɓoye komai: idan ribar kashi 5 ce, shi ne zai wuce ta, da kimanin miliyan 6 da dubu 600 a kan nata miliyan 5 da dubu 400. Kuma babu kasuwar da take ba da kashi 7 daidai duk shekara. Wata shekara ta ba da 20, wata ta ci 15. Duk da haka, ko a lissafi na biyu, miliyan 1 ɗinta ya kusa kamo miliyan 3 ɗinsa.

Na haura shekara 45. Ke nan na makara?

A'a. Mai shekara 45 yana iya samun shekara ashirin a gabansa kafin ya ajiye aiki, kuma a kashi 7 kuɗi yana ninkawa kusan sau biyu a wannan tsawon. Abin da zai canza shi ne sai ka ajiye kaso mafi girma. Abin da nake roƙon ka kada ka yi shi ne neman rama shekarun da suka wuce ta hanyar shiga abu mai haɗari. Garin neman ƙiba ake samo rama, kuma a wannan shekarun ba ka da lokacin sake gini daga tushe.

Mene ne hannun jari, kuma ta ina ribarsa take zuwa?

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Idan kamfanin ya ci riba, yana iya raba wani ɓangare ga masu hannun jari, yana kuma iya mayar da sauran cikin kasuwanci don ya faɗaɗa, sai darajar hannun jarinka ta tashi. Hanyoyin biyu ke nan. Takardar lamuni daban ce: a nan rance ka ba gwamnati ko kamfani, za a riƙa biyanka wani abu ƙayyadadde, a dawo maka da uwar kuɗinka ranar da aka yanka. Ribarta ba ta kai ta hannun jari ba a dogon zango, amma ba ta yawan tangaɗi irin nasa.

Wane kamfani zan saya?

Amsata ga mafi yawan mutane ita ce: kada ka zaɓa. Na san ba haka ake so a ji ba.

A watan Agusta na 2000, hannun jarin kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya kai kimanin dala 90. Zuwa ƙarshen 2001 bai kai dala 1 ba, kamfanin ya durƙushe. Ma'aikatansa da yawa sun zuba kuɗin fanshonsu a hannun jarin kamfanin da suke yi wa aiki, sai suka rasa albashi da tanadin tsufa lokaci guda. Bankin Lehman Brothers ya haura shekara 150 a duniya kafin ya faɗi a Satumba na 2008. Girma da daɗewa ba sa hana kamfani mutuwa.

Maganin shi ne raba ƙafa. Harry Markowitz ya kafa wannan a lissafi tun 1952, ya nuna cewa haɗa jari iri-iri waɗanda ba sa faɗuwa tare yana rage haɗari ba tare da ya cinye riba daidai gwargwado ba, kuma aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1990. Ga mai ƙaramin ƙarfi, hanya mafi sauƙi ita ce asusun haɗaka da yake bin ma'aunin kasuwa. Irin wannan asusu ba ya ƙoƙarin gano wane kamfani ne zai yi fice; yana sayen dukkan kamfanonin da suke cikin wani ma'auni, kamar S&P 500 mai ɗauke da manyan kamfanonin Amurka kusan 500, ko ma'aunin da ya haɗa kasuwannin duniya. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin kula da jari na Vanguard a 1975, shi ya fito da irinsa na farko ga talakawan masu jari a 1976, kuma da farko 'yan kasuwar ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Warren Buffett, wanda shi kansa da zaɓen kamfanoni ya yi arziki, ya sa dala miliyan 1 a kan cewa asusu mai bin S&P 500 zai fi zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsada riba cikin shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Asusun mai araha ya ƙaru da kimanin kashi 125 cikin 100, na ƙwararrun a matsakaici ba su kai kashi 40 ba. Idan mutanen da suke wannan aiki dare da rana, da ma'aikata da kwamfutoci, ba su iya wuce kasuwa ba bayan an cire ladansu, ban ga dalilin da zai sa ni da kai mu yi zaton za mu wuce ta da labarin da muka tsinta a waya ba.

Idan kana sha'awar zaɓen kamfani don koyo, ka ware ɗan kaso, kamar kashi 5, wanda ko ya tafi ba zai taɓa rayuwarka ba.

Kashi 2 cikin 100 na kuɗin hidima ai ba wani abu ba ne, ko?

Abu ne babba, domin ana cire shi ne daga dukkan kuɗinka duk shekara, ko an ci riba ko an yi asara. Ɗauki 100,000 na shekara talatin. A kashi 7 zai zama kimanin 761,000. Idan ana cire kashi 2, sauran kashi 5, zai tsaya a kimanin 432,000. Fiye da kashi 40 na abin da ya kamata ka samu ya tafi saboda kuɗin hidimar mai kula da asusun, alhali kuɗin naka ne, haɗarin ma kai ka ɗauka.

Ba ka da iko a kan abin da kasuwa za ta yi baɗi, amma kana da iko a kan abin da za ka biya. Kafin ka sa hannu, ka tambayi kuɗin shiga, da na shekara-shekara, da na fita, a rubuce. Ka kuma tambayi mai ba ka shawara kai tsaye: wa yake biyanka, kuma nawa kake samu idan na sayi wannan? Dillalin da yake cin la'ada a kan abin da ya sayar maka ba lallai ne macuci ba, amma ka san cewa yana da tasa buƙata a cikin shawarar.

Idan kasuwa ta faɗi fa?

Za ta faɗi, ba sau ɗaya ba a tsawon rayuwar jarinka. Daga Oktoba 2007 zuwa Maris 2009, ma'aunin S&P 500 ya zube da kimanin kashi 57 cikin 100. A farkon annobar korona a 2020 ya faɗi da kusan sulusi cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na 2020 ya farfaɗo cikin watanni; na 2008 sai a 2013 ya koma inda yake. Wanda ya daure ya samu kuɗinsa da ƙari. Wanda ya sayar a tsakiyar ruɗanin, shi ne ya mayar da asarar takarda ta zama ta gaske.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure a farkon shigata. Na ga jarina ya ragu, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, na sayar. Bayan wasu watanni na sake sayen abu ɗaya a farashin da ya fi wanda na sayar. Abin da na gane daga baya shi ne, na sa kuɗin da ya fi ƙarfin zuciyata, kuma ba ni da kuɗin ko-ta-kwana da zai kwantar mini da hankali.

Sai dai ba zan ce maka kasuwa kullum tana dawowa da wuri ba. Bayan faɗuwar 1929, ma'aunin Dow Jones na Amurka ya rasa kusan kashi 89 zuwa 1932, kuma bai koma tsohon matsayinsa ba sai 1954. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairu na 2024, shekara 34 ke nan. Wannan shi ne dalilin da ya sa raba ƙafa ba a tsakanin kamfanoni kaɗai yake ba, har tsakanin ƙasashe da nau'o'in jari. Ka kuma riƙe wannan lissafi: abin da ya faɗi da kashi 50, sai ya tashi da kashi 100 kafin ya koma daidai.

Gwajin da nake ba mutane shi ne su ɗauki adadin da suke shirin zubawa, su raba shi biyu, su kalli rabin. Idan ganin haka zai sa ka sayar, to ka rage kason hannun jari, ka ƙara na abubuwa masu natsuwa.

Ba gara in jira farashi ya sauko sannan in saya ba?

Sai ka yi daidai sau biyu ke nan: ranar fita da ranar komawa. Mutane ƙalilan ne suke dacewa ko sau ɗaya, kuma ranakun da kasuwa ta fi tashi sukan zo ne daf da ranakun da ta fi faɗuwa, lokacin da mai jira yake ɓoye.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka zuba adadi ɗaya duk wata. A ce 10,000 kake zubawa. Watan farko farashin hannun jari ɗaya 100 ne, ka sami guda 100. Wata na biyu ya faɗi zuwa 50, ka sami 200. Wata na uku ya koma 100, ka sami 100. Ka kashe 30,000, kana riƙe da 400 masu darajar 40,000, alhali farashin bai wuce inda ya fara ba. Wannan tsari ba ya hana asara idan kasuwa ta yi ta gangarowa, amma yana cire maka nauyin hasashe, kuma ya dace da mai samun kuɗi wata-wata.

Ni zinare na sani da fili. Su ba jari ba ne?

Jari ne, kuma kina da dalilinki: kina ganinsu, kina taɓa su. Sai dai ki san halin kowanne. Zinare ba ya haihuwa. Giram ɗin da kika saya shi za ki tarar bayan shekara ashirin, ribarki kawai idan farashi ya tashi. Yakan kare mutum idan kuɗin ƙasa ya lalace, amma shi ma yana da dogon kwanciya: ya kai dala 850 kowane oza a Janairu 1980, ya sauko ƙasa da 300 a wajen 1999 zuwa 2001, bai wuce 850 ba sai 2008. Idan na ado ne, akwai kuɗin ƙira da kika biya wanda ba zai dawo ba ranar sayarwa.

Gida yana kawo haya, amma yana cin gyara da haraji, wani lokaci ya zauna babu kowa. Fili ba a sayar da shi cikin kwana biyu sai an karya farashi, ba a kuma yanko kusurwarsa a biya kuɗin asibiti. Uwa uba takardu: ki tabbatar da mallaka a ofishin da doka ta ɗora wa rajistar filaye kafin ki biya ko sisi. Su zama wani ɓangare na dukiyarki, kada su zama duka.

Ba na son kuɗin ruwa. Akwai hanyar da ta dace da addinina?

Akwai, kuma ta faɗaɗa sosai. Hannun jari a asalinsa tarayya ce a riba da asara. Tun 1999 akwai ma'aunin Dow Jones na kasuwar Musulunci, wanda yake tace kamfanoni ta fuska biyu: a cire masu harkar giya, caca, alade da bankunan kuɗin ruwa, sannan a cire waɗanda bashi ya yi musu yawa, galibi ana sa iyakar a wajen sulusi. Hukumar AAOIFI mai tsara harkar kuɗi ta Musulunci da take Bahrain tana fitar da ƙa'idojin da cibiyoyi da yawa suke bi. A madadin takardar lamuni akwai sukuk, inda mai jari yake da rabo a wata kadara yana karɓar abin da ta samar. Malesiya ce kan gaba a wannan kasuwa, kuma Birtaniya ta fitar da nata na fam miliyan 200 a 2014.

Abu biyu zan ƙara. Sunan Musulunci a jikin asusu ba ya hana shi tsada ko asara, don haka tambayoyin kuɗin hidima suna nan daram. Sannan ka sa zakka a lissafinka, kashi 2.5 cikin 100 idan dukiya ta kai nisabi ta shekara. Yadda ake fitar da ita daga hannun jari akwai bayanin malamai a kai, ka nemi wanda ya san fannin.

An kawo mini wata harka mai ba da kashi 30 duk wata, kuma na ga waɗanda aka biya da idona.

Ka guje ta, ka kuma ja wanda ya kawo maka idan zai ji. Yi lissafin da kanka: kashi 30 a wata yana ninka kuɗi sau 23 a shekara. Cikin shekara biyar, 1,000 zai zama kusan biliyan 7. Mai irin wannan sirri ba ya buƙatar kuɗinka.

Biyan da ka gani gaskiya ne, kuma shi ne tarkon. Charles Ponzi, a birnin Boston a 1920, ya yi alƙawarin kashi 50 cikin kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya, har ranar da masu shigowa suka ragu, abin ya rushe. Kamfanin MMM na Sergei Mavrodi haka ya yi a Rasha a 1994. Bernard Madoff ya fi su wayo: bai yi alƙawarin abin mamaki ba, riba matsakaiciya yake nunawa wadda ba ta taɓa tangaɗi ko kasuwa tana ci da wuta. An kama shi a Disamba 2008, alƙaluman bogi a asusun mutane sun kai kimanin dala biliyan 65, aka yanke masa shekara 150. Bankuna da masu ilimi suna cikin waɗanda ya cuta, don haka faɗawa irin wannan ba alamar wauta ba ce, kuma wanda ya kawo maka wataƙila shi ma da zuciya ɗaya ya shiga.

Alamomin ba sa canzawa: riba tabbatacciya mai yawa, lada idan ka kawo wani, gaggawa, bayanin da ba ya fahimtuwa kan inda ribar take fitowa, da jan ƙafa ranar da ka nemi uwar kuɗinka. Ka shiga shafin hukumar da take kula da kasuwar hannun jari a ƙasarka ka duba sunan kamfanin da kanka. Takardar rajistar kamfani daban take da lasisin karɓar jarin jama'a.

Kuɗin kirifto fa?

Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamba 2021, bayan shekara ɗaya yana wajen 16,000, a watan da kasuwar kirifto ta FTX ta rushe da kuɗin masu ajiya. Daga baya ya tashi ya wuce inda yake. Ba ya raba riba, ba ya kawo haya. Darajarsa ita ce abin da na gaba zai biya. Ba zan ɗora tanadin tsufan kowa a kansa ba. Mai son taɓawa ya tsaya a ɗan kason nan na gwaji.

Sau nawa zan riƙa duba jarina, kuma yaushe zan fara ci?

Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Ka duba ko rabon da ka tsara ya karkace. Idan ka ce kashi 60 hannun jari, 40 abubuwa masu natsuwa, sai kasuwa ta tashi ya zama 70 da 30, ka rage daga na farko ka mayar wa na biyu. Idan saura shekara biyar zuwa goma ka fara buƙatar kuɗin, ka riƙa matsar da shi sannu a hankali zuwa inda ba ya tangaɗi, don kada faɗuwa irin ta 2008 ta same ka a bakin ƙofa.

Game da ci, William Bengen ya bincika tarihin kasuwar Amurka a 1994, ya ga cewa wanda ya cire kimanin kashi 4 a shekarar farko, yana ƙarawa daidai da hauhawar farashi, kuɗinsa yakan kai shi shekara talatin. Wato mai buƙatar 400,000 a shekara yana neman jarin miliyan 10. A ƙasar da hauhawar farashi ta fi tsanani sai a ƙara taka-tsantsan. Idan wurin aikinka yana da tsarin fansho wanda mai aiki yake ƙara nasa a kan naka, ka cika naka kason don ka karɓi nasa duka.

Idan na rasu, yaya iyalina za su san abin da na bari?

Wannan tambaya ba a cika yi ba, ni nake kawo ta. Kuɗi masu yawa suna kwance a bankuna da kamfanoni a duniya babu mai nema, saboda masu su sun tafi ba su faɗa wa kowa ba. Ka ɗauki takarda ɗaya ka rubuta sunan kowane banki da asusu da dillali, lambobin asusun, inda takardun gida ko fili suke, bashin da ake binka da wanda kake bi. Kada ka rubuta lambobin sirri a kanta. Ka duba sunan magajin da ka cike a fom ɗin fansho da na banki, domin mutane da yawa sun cike shi tun kafin aure ba su sake waiwaya ba. Ka ajiye takardar wurin da matarka ko mijinki ko wani amintacce ya sani, ka sabunta ta ranar da kake duba jarin nan na shekara.